Keren Dama a Hannun Bahago

Daga Fagam, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga Bala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ku kun sauka Kaduna lafiya, kai da iyalinka, motar da ta ɗauke ku a tashar Birnin Kudu ba ta wahalar da ku a hanya ba. Allah ya sa kun sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci, ya sa aikin masaƙar nan da ka samu ya zame maka alheri. Innarka tana gaishe ku. Labarin gida babu wani sabo, duka yaushe kuka tafi, ko akuyarta ba ta haihu ba tukuna.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ɗan fari ne, al'ada ta ce in ji kunyarka, ni kuma na sami wurin fakewa na fake. Ranar da za ku tafi ka durƙusa a zaure, na ce Allah ya kiyaye hanya, ka ce amin, ka tashi. Abin da ke cikina bai fito ba. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, in ga ko alƙalami zai fi bakina ƙarfin hali.

Maganar a kan abokina ce, ɗanka Nasiru. Jajiberin tafiyarku da hantsi ina zaune ƙofar zaure ina gyaran ƙotar fartanya, sai ya tsinci ƙwallon goruba ya wurga wa kajin Innarka da hannun hagu. Kuma ya sami zakaran, yaron da ko maganar kirki bai gama iyawa ba. Kai kuma ka fito daga cikin gida, ka zari kara ka tsula masa a bayan hannu, ka ce, "Da wanne ake jifa?" Ya tsaya yana duban hannuwansa biyu, bai san wanne ne ya yi laifi ba. Wannan tambayar fa tawa ce. A bakina ka ji ta, har yadda ka ja ƙarshenta irin nawa ne. Tsorona shi ne ka tafi da yaron nan inda ba na gani, ka yi masa abin da na yi maka.

Bari in soma da kere, tunda shi kaɗai na sani a duniya bayan noma. Ka daɗe ba ka taɓa shi ba, sai in tuna maka. Sandar jifa ce ta farauta, mai lanƙwasa a kai. Ana neman reshen da Allah ya yi shi da gwiwa, na marke ko na kanya ko na kirya, a shanya shi a inuwa har ya bushe, sannan a bi shi da gizago da wuƙa. Ana shafe cikinsa ya kwanta, a bar bayansa da ɗan tudu, a rage kaurin gefen da zai riƙa saran iska. Ba a jefa shi a tsaye. A kwance ake sakinsa, ƙasa-ƙasa, yana wulwulawa kamar faifan da aka cilla, don ya share ƙafafun zomo ko ya tari zabo yana tashi. Duk keren duniya yana da gefen da yake son kwantawa in ƙarfinsa ya ƙare. Gwanintar masassaƙi da ta majefi ita ce a hana shi kwantawar nan sai ya isa inda aka aike shi.

Ina saurayi, mai koya mana farauta shi ne Baba Jatau, Sarkin Bakan garinmu, Allah ya jiƙansa. Ka riske shi da tsufansa. Yana da wani kere na kirya, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya, in ya sake shi sai ka ji yana kuka a iska, ya tafi a miƙe har ya ɓace cikin sabara. Na ɗauka sirrin a jikin icen yake. Na yi ta nacin ya ara mini, yana cewa, "Bai kai gare ka ba, yaro. Ka ƙara cin tuwo." Wata rana dai ya gaji ya miƙo mini. Zomo na tashi na saki da iyakar ƙarfina, keren bai yi rabin hanya ba ya karya hagu, ya sami karen wani maƙwabcinmu a ƙafar baya. Karen nan da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, kuma duk inda ya hango ni sai ya canja hanya. Kere mai nauyi sai hannu mai ƙarfi yake miƙewa. A hannun da bai kai ba, tun da wuri yake kwantawa. Don haka in ka shiga masaƙa ka ga wani yana sarrafa babban inji kamar wasa, kada ka ce a ba ka. Ka karɓi wanda ya yi daidai da hannunka har ka ƙware, kuma in babba ya ce maka da saura, ka yarda da saura.

Darasi na biyu kuwa bayan na auri Innarka ne. Lokacin na iya sassaƙa, har mutane suna zuwa daga ƙauyukan kewaye in yi musu. Na yi wa kaina wani na marke, ban taɓa yin mai kyansa ba, rani guda yana cika mini taiki da nama. Rani na biyu sai ya soma yi mini tsiya: ya tashi sama, ya kife, ya bi dama. Na ce ai icen ne ya motsa. Na ɗauko wuƙa na kankare nan, washegari na kankare can, kullum ina ragewa kullum yana ƙara lalacewa, har ya kusa komawa tsinken tsire. Sai da Baba Jatau ya tsaya bayana wata rana ya ga jifana.

"Wa ya taɓa ka a gida?" in ji shi.

Na ce babu kowa.

"To me zomon ya yi maka? Kana jifa kamar mai fushi da shi. Ka ɗaga hancin kere sama, ka murɗe tsintsiyar hannu, sannan ka ce ice ne. Ba ni shi in gani."

Ya juya shi a hannu, ya mayar mini, ya ce in kai wa Innarka ta hura wuta. Gaskiya ya faɗa. A shekarar nan ni da ƙanin mahaifina muna ta ja-in-ja a kan iyakar gona, da zafin nan nake fita daji, hannuna ne ya canja ba icen ba. Na kashe kere mai kyau a banza. Wannan ka riƙe shi da kyau, Bala: in abu ya bauɗe maka, ko aiki ne, ko zama da uwar Nasiru, ko abokin zama, ka duba hannunka kafin ka ɗauko wuƙa. Abin da aka kankare ba ya komawa.

Ka ga ke nan na san waɗannan biyun tun kafin ka yi wayo. Na sha su a jikina, ina ma koya wa samarin gari su da bakina. Amma da aka zo kanka sai na zama kamar ban taɓa jin su ba.

Kana da kamar shekara takwas, wajen shekarar da aka sami 'yancin kai, na yi maka ɗan kerenka na kanya. Na zauna na ƙawata shi, irin nawa sak, sai dai ƙarami. Na kai ka bayan gari inda yara ke ɗora sakaina a kan suri suna gwada hannu. Ina miƙa maka ka karɓa da hagu ka jefa, ya yi wani irin juyi ya faɗa can gefe cikin geza. Yaran suka yi dariya. Ka ɗauko ka sake, ya sake bin wajen. Na ce, "Da wanne ake jifa?" Ka mayar dama. Da dama kuwa ko ƙarfin isa surin babu, jifanka ya zama kamar na mai korar ƙuda.

Na san kai bahago ne tun kana rarrafe. Innarka ta lallaba ka har ka iya cin abinci da gaisuwa da dama, ba ta taɓa ɗaga maka murya ba, kuma ka iya. Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Abin da ya ci ni shi ne bakin mutane. A farautar gayya ana jerawa ne sahu guda, kowa ya san keren na kusa da shi hagu zai kwanta, da haka ake auna tazara. Na bahago kuwa dama yake kwantawa, yana iya ratsa sahu ya sami ƙaurin wani. Maganin abin sananne ne tun kakanni: a sa bahago a ƙarshen sahu ta hannun dama, inda babu kowa a gefensa. Amma ƙarshen sahu wurin baƙi ne da waɗanda ba a yarda da hannunsu ba. Ni da ake zuwa gidana neman kere, ɗana na fari a ƙarshen sahu? Abokaina sun riga sun soma kirana baban bahago in mun zauna gindin ɗorawa. Wasa suke yi, ni ne na ɗauke shi da zafi.

Ka tuna igiyar ramar nan. Ba sai na tsawaita ba, amma ba zan tsallake ta ba, don na daɗe ina tsallake ta. Na riƙa ɗaure maka hannun hagu a mazagin wando in kai ka gaban suri, in tsaya a kanka. In ka kuskure in ce ba ka mai da hankali, in ka yi hawaye in ce ragwanci ne. Innarka ta ce mini wata rana, "Malam, yaron nan fa ya daina cin abinci ranar da za ku fita." Na ce ta bar ni da shi, harkar maza ce. Ko gwamnati da ta tashi mayar da motoci daga hagu zuwa dama shekarun baya kaɗan, sai da ta yi wata da watanni tana lallashin direbobi a rediyo. Ni kuwa da igiya na so in juya halittar Allah.

Abin da na fi jin ciwonsa shi ne wannan. Keren da na yi maka na hannun dama ne. Gefen da na rage don ya sari iska, in an jefa da hagu baya yake komawa, domin juyin ya sauya. Ko Baba Jatau ne ya jefa shi da hagu sai ya bauɗe. Ranar farko a gaban surin nan ba hannunka ne ya kuskure ba, icen ne ba naka ba. Kuma ni masassaƙi ne, na sani. Aikin yini ɗaya ne in samo wani reshe in juya sassaƙar. Ban yi ba, don yin hakan yarda ce cewa ɗana bahago ne.

Sai ranar farautar dajin da ke tsakaninmu da Gwaram, bayan an gama kaka, kana ɗan saurayi. Na sa ka kusa da ni a tsakiyar sahu, kere a hannun dama. Zomo biyu suka tashi a gabanka ka kuskure su, na ji ana gyaran murya. Can da rana ta take sai garken zabi ya tashi ta gefenka ba zato. Kerenka yana ƙasa, kana gyaran takalmi. Ka wawuri wani guntun busasshen ice da hagu ka saki. Bala, na yi shekaru a daji, ban ga jifa mai tsabta irin wannan ba sai kaɗan. Ya tafi a kwance, bai karkata ko'ina ba, ya tsinke zabon nan a sama. Sahu ya ɗauki sowa. Ka ruga ka ɗauko, ka kawo mini shi da hannu biyu kana haki, fuskarka a sake yadda na manta rabon da in gan ta.

Sai wani daga baya ya ce, "Ashe dai hagun ce mai cin nama a gidan."

Aka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni, idona ya rufe. Na karɓi zabon na ce, "Naman hagu ba ya shiga tukunyata," na wurga wa karnuka. Ka tsaya kana kallo suna yagarsa. Ba ka yi kuka ba, da ma ka yi. Ka sunkuya ka ɗauki kerenka, ka bi sahu har aka tashi, ba ka ƙara jifa ba. Da muka dawo gida ka jingine shi a bayan rumbu, a nan gara ta cinye shi.

A hanyar dawowa Baba Jatau ya rage tafiya har na iso shi. Ya ce, "Hashimu, na ga mutum ya karya ƙafar kare, na ga ya kashe keren marke, duk na ce ƙuruciya ce. Na yau ban san sunansa ba." Na ce tarbiyya nake yi. Ya dube ni ya ce, "Tarbiyyar wa?"

Daga ranar ka zama yaro mai ladabi ƙwarai. Ba ka taɓa yi mini musu ba, ba ka taɓa ƙin aike ba, mutane suna yaba mini kai. Amma ka daina zama inda nake. In na shigo zaure ka tuna da wani aiki, in na fita gona ta gabas ka ce ta yamma ce ke son ciyawa. Da ka shiga makaranta a Birnin Kudu, hutu ma sai ka ƙare rabinsa a gidan kawunka. Ni kuma ina gaya wa kaina kunyar ɗan fari ce. Na san ba ita ba ce. Na yi nadama, kuma nadamar ba ta jiya ba ce, girman kai ne ya zauna a kanta shekara da shekaru.

Ban ce ka bar Nasiru ya ci tuwo da hagu ba. Ka koya masa ci da sha da miƙa wa manya abu da dama, addini ne kuma ladabi ne, amma ta hanyar da Innarka ta bi da kai, ba tawa ba. In uwarsa ta fi ka sanyin hannu a wannan, ka bar mata. Jifa kuwa, da riƙon fartanya, da duk abin da ƙarfin mutum ke fita ta cikinsa, ka bar shi da hannun da Allah ya ba shi. In kayan aiki ya ƙi shi, kayan za a gyara. Kuma birni ba zai rasa masu baki ba, sun ma fi na ƙauye iya dariya. Duk ranar da wani ya tsokane ka a kan yaron nan ka ji zuciyarka ta taso, ka tashi daga wurin kafin ka isa gida. Mai tsokanar zai manta kafin magariba, yaron ne ba zai manta ba.

Na san abin da za ka ce a ranka: wai yau mutumin nan ne ke ba ni wannan shawara. Kana da gaskiya. Wataƙila ma kana ganin gara ka gyara shi da kanka tun yana ƙarami, kada wani ya wulaƙanta shi a gaban jama'a yadda aka yi maka. In haka ne, ka tuna wanda ya yi maka ba bare ba ne.

Shekaranjiya bayan azahar na ɗauki kerena na tafi gona ni kaɗai. Na tsaya gaban kututturen nan na bakin rafi, tazarar da ko da ido a rufe ba na kuskurewa. Na mayar da keren hannun hagu, na cusa na dama cikin aljihun riga, na ce bari in ɗanɗana. Na jefa ya faɗi a gabana. Na sake ya bi gefe. Ƙafata ba ta san wadda za ta yi gaba ba, kafaɗata tana yi mini gardama, idona yana ganin kututturen sarai amma hannun ya ƙi jin magana. Na yi ta yi har aka kira la'asar, ko sau ɗaya ban taɓa shi ba. Babu mai kallona, babu mai dariya, babu wanda ya tsaya a kaina yana tambayata da wanne ake jifa. Duk da haka sai da na zauna a kan kunyar gona na kasa tashi. Yammaci ɗaya ke nan, kuma ni na sa kaina. Kai shekaru ka yi, kana yaro, kuma wanda ya kamata ka gudo wurinsa shi ne a tsaye a kanka.

Ka yafe mini, Bala. Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa wannan kalma ba, kuma ban faɗe ta don ka amsa ba. In ka ga dama ka rubuto, in ba ka ga dama ba ba zan riƙe ka ba. Abu ɗaya nake roƙo: nan da shekara ashirin, in Nasiru ya ji takunka a ƙofar ɗaki, kada ya tuna da wani aiki.

Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na inji da na mutum. Ya ba ka lafiyar jiki da halal mai albarka, ya sanyaya maka zuciya fiye da yadda ya sanyaya tawa. Ya raya abokina, ya yi wa hannuwansa biyu albarka. Ka gaishe da uwarsa, ka ce mun gode da haƙurinta. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hashimu